Hannun Auta

Ranar da Mai Zane ya shigo gida da katan ɗin madarar gwangwani a kafaɗa, Amarya tana tsugune tana wanke-wanke, sai da kwano ya suɓuce mata. Shekara uku rabon da irin katan ɗin nan ya shigo gidan, tun rasuwar Auta, ƙanwar mijin nata. Ya dire shi a ƙofar sito, ya karkaɗe riga, ya ce ba tare da ya dube ta ba:

"Gobe a share ɗakin nan. 'Yar Baba za ta fara zama a ciki in ta taso daga makaranta. Na ga littafinta, hannun gwaggonta ne sak."

'Yar Baba ita ce 'yarsu ta fari, shekararta goma sha huɗu. Ita kuwa Amarya, shekara goma sha shida da aure amma har yau ba wanda ya ga dalilin sauya mata suna, ta ɗauki kwanonta ta ci gaba da cuɗa. Dama gwanar shiru ce. Kuma ta san sarai irin ɓarnar da shirunta ya taɓa yi a gidan nan.

A unguwa kaf, Mai Zane ake ce wa mijinta. Shagonsa yana jikin gida, yana kallon titi. A da, sai a kawo masa ɗan hoto kamar tafin hannu, bayan mako guda a zo a ɗauki ƙaton allo, fuskar mutum tana sheƙi kamar za ta amsa gaisuwa. Abin da unguwa ba ta sani ba, bawan Allahn nan ko ƙwai aka ce ya zana sai ya fito da kusurwa. Haruffa ya iya, lambar mota da allon shago, su ma sai ya gwada da ma'auni. Fuskokin nan duk daga sito suke fitowa, ɗan ɗakin da ke bayan shago, inda Auta take yini. In ta gama, shi kuma ya ɗauki siririn buroshi ya rangaɗa sunansa a ƙasa. Wannan kam ya iya shi da kyau.

Inna, uwar Mai Zane da Auta, ba ta ga laifin tsarin ba. "To me za a ce? A ce 'yata budurwa tana zaune tana ƙare wa fuskokin mazan mutane kallo? Rufin asiri ne. Hannu nata, suna nasa, tukunya tamu, wa aka cuta?"

Auta ba ta taɓa cewa an cuce ta ba, abin da ya fi ci wa Amarya rai ke nan. Yarinya ce mai barkwanci, doguwa, 'yar shekara ashirin da biyu, yatsunta kullum da launi iri-iri. Ta ido take fara zane, wai in ido ya zauna, sauran fuska biyo shi take yi. In Amarya ta kawo mata abinci sai ta jawo ta:

"Matarmu, zo ki ga ikon Allah. Wannan mutumin ya aiko a rage masa tumbi, a ƙara masa gashi, a ɗaga masa hanci. Na ce wa Yaya in na ƙara kaɗan matarsa za ta zaci sabon miji aka kawo mata."

Su yi ta dariya har sai Inna ta leƙo ta ce aiki ake ko biki.

Fentin da take aiki da shi na mai ne, mai sheƙi, sai an tsinka shi da wani ruwa mai hawa kai da suke kira tina. In an gama kuma a yi wa allon feshi don ya daɗe. Warin kaɗai yakan sa baƙo hawaye. Amma akwai taga, iska tana shiga tana fita, ana lallaɓawa. Sai ranar da wata hamshaƙiya ta dawo da hoton mahaifiyarta a fusace, wai an zuba wa tsohuwa ƙuraje a goshi. Ƙurar mota ce ta shigo ta tagar ta manne a fenti tun bai bushe ba. Mai Zane ya ba da haƙuri har da durƙuso, da matar ta tafi ya ɗauko guduma da falanki ya rufe tagar ruf, ya liƙe gefe-gefen da kwali. Ya jawo waya ya sa ƙwan lantarki.

"Yaya, ta ina zan sha iska?" in ji Auta, tana dariya.

"Ga ƙofa nan. Kuma dama masu wucewa sun fara leƙe."

Washegari ya kawo katan na farko. Ya ce duk masu fentin mota haka suke yi, in an tashi aiki a fasa gwangwanin madara a shanye, tana wanke ƙirji tas, ta fitar da duk abin da aka shaƙa. Ya faɗa da gaskiyarsa, ya yarda da abin har zuciya. Inna ta sa masa albarka, ta ce samun wa irinsa sai an tona.

Ƙofar ma ba ta daɗe a buɗe ba. Lokacin Amarya tana da cikin ɗanta na uku, warin tina yana juya mata hanji. Ita da kanta ta roƙa a riƙa rufewa. Da warin ya ci gaba da biyowa ta ƙasa, ita da hannunta ta naɗe tsohon buhu ta cusa a ƙarƙashin ƙofar. Daga ciki ta ji muryar Auta:

"Matarmu, har da ke?"

Da wasa ta faɗa. Amarya ta amsa da wasa, ta koma ɗakinta ta kwanta, ranar ta samu barcin rana mai daɗi.

Tarin ya fara kamar na kowa. Inna ta ce mura ce, a dafa mata citta. Da ya wuce wata biyu ta ce gado ne, ubansu ma haka ya yi ta tari har ya tsufa. Auta ta fara barin abinci a kwano, wai komai ɗanɗanon fenti yake mata. Ciwon kai ya zama na kullum. Daga sito zuwa bakin famfo, taku nawa ne, amma sai ta dafa bango ta huta. Zoben da ke yatsanta ta mayar da shi babban yatsa, daga baya ta cire ta ba 'Yar Baba.

Amarya ta gwada magana sau ɗaya, tana miƙa wa mijinta ruwan wanke hannu.

"Baban yara, yarinyar nan fa tana ramewa. Ko a ɗan buɗe tagar nan?"

"Ki buɗe, in aiki ya lalace ki ciyar da gidan. Ba tana shan madara ba?"

"Tana sha."

"To a mayar mata biyu, safe da yamma."

Aka mayar biyu. Gwangwanaye suka taru a bayan sito har yara suna yin mota da su.

Ranar da Auta ta yi tari a tafin hannunta ta yi saurin dunƙulewa, Amarya ta kama hannun ta buɗe da ƙarfi. Ba jan fenti ba ne. Nan kam ta tsaya kai da fata sai an je asibiti. Mai Zane ya yarda, amma sai da ya raka su har zaure yana jaddadawa:

"Ban da surutu. In aka tambaya, a gida take, ba ta komai. Garin nan kowa ya san kowa, magana ɗaya ta fita mun kaɗe."

A ɗakin jira na asibitin, a saman bango, ga hoton tsohon likitan da ya kafa wurin, da tabarau da furfura. Auta ta tsaya a ƙasansa ta daɗe tana kallo. Ba ta taɓa ganin aikinta a rataye ba, kullum a jingine yake barin hannunta.

"Ashe daga nesa haka suke," ta ce a hankali. "Kunnen hagun nan ya ɗan yi girma, Matarmu. Amma idon ya zauna, ko?"

"Ya zauna."

Wata mata da ke kusa ta ce ai aikin Mai Zane ne, mutumin nan Allah ya ba shi hannu. Auta ta ce wallahi kuwa.

Likitan da suka gani matashi ne, ga gajiya a fuskarsa, ga layi a waje. Ya saurari ƙirjinta gaba da baya, ya ɗan ɓata fuska.

"Wane aiki kike yi? Kina zama kusa da hayaƙi, ko wani abu mai wari, irin su fenti ko maganin feshi?"

Auta ta buɗe baki. Amarya ta riga ta.

"A'a likita, 'yar gida ce. Ba ta zuwa ko'ina."

Ga tambaya an yi ta da sunan abin, fenti, ba kwana-kwana. Auta ta juyo ta dubi matar wanta, ta yi ɗan murmushi, ta ƙara tura yatsunta cikin mayafi. Likita ya rubuta maganin asma da na tari, ya ce in bai sauka ba a dawo a ɗauki hoton ƙirji. A hanyar dawowa, da suka kusa gida, Auta ta ce, "Kar ki damu, ni ma abin da zan faɗa ke nan." Amarya ta san ƙarya take yi don ta sauƙaƙa mata.

Ba a koma ɗaukar hoton ba, don a makon ne babban aiki ya faɗo. Wata makaranta za ta buɗe sabon zaure, tana son hotunan shugabanninta na da, su goma sha biyu, cikin wata ɗaya. Mai Zane ya shigo yana washe baki, ya ce irin wannan sau ɗaya yake zuwa.

"Auta, daure ki fitar da mu kunya. Ana gamawa, ni da kaina zan kai ki babban asibiti. Har hutu za ki yi, wata guda ba ki taɓa buroshi ba."

"Yaya, haka ka ce a aikin otal."

"Wannan daban ne."

Inna ta ce, "Daure 'yar nan. Wasu 'ya'yan suna can suna gararamba a titi, ke kina cikin inuwa a zaune. Aikin zaune ai ba ya kisa."

Auta ta daure. Ta daina fitowa cin abinci, sai a miƙa mata. Ta daina barkwanci, don dariya tana tayar mata da tari. Tsayuwa ta gagara, aka sa mata kujera, aka kwantar da allon a kan gwiwarta, fuskarta dab da fentin. Amarya takan tsaya a bakin ƙofa da gwangwani a hannu tana jin numfashin yarinyar yana fita da ƙara kamar ana jan zare a cikin kwali. Kullum takan ce gobe za ta yi magana. Gobe ta yi, sai ta ga fuskar mijinta, ta tuna 'ya'ya uku da gidan iyayenta da ba wuri, ta haɗiye.

A hoto na tara ne, wata Talata da hantsi, Amarya ta ƙwanƙwasa ba a amsa ba. Da ta tura ƙofar, warin ya buge ta har sai da ta ja baya. Auta tana kife a kan allon, kumatunta ya manne da fentin da bai bushe ba. Ido ɗaya ta gama wa mutumin, ɗayan ko farawa ba ta yi ba.

A babban asibiti, wata likita dattijuwa ta sunkuya a kanta, ta ɗago a fusace.

"Wannan warin tina ne har cikin gashinta. Shekara nawa tana shaƙar wannan abin? Wa ya bar ta?"

Mai Zane ya sunkuyar da kai. "Takan ɗan taya ni wanke buroshi."

Likitar ta kama hannun Auta ta juya shi, ta dubi kantar da buroshi ya yi wa yatsun, sannan ta dubi Mai Zane. Kwana biyu Auta ta yi. Ta farfaɗo sau ɗaya da rana, ta ga Amarya a gefenta, ta tambaya ko wani ya rufe gwangwanin shuɗin fenti, don in ya sha iska bushewa yake. Ba ta ƙara magana ba.

Wajen gaisuwar rasuwa, mutane suka cika ƙofar shago. Amarya tana daga zaure ta ji wani yana cewa, "Allah sarki Mai Zane, ashe kana da ƙanwa?" Makarantar ta karɓi takwas, ta ba wani sauran. Tun daga nan duk wanda ya kawo hoto, sai Mai Zane ya girgiza kai ya ce tun rasuwar ƙanwarsa hannunsa ya yi sanyi, ba ya iya zana fuska. Mutane suka yi ta yaba irin wannan ƙauna. Inna kuwa ta ce kwana ne ya ƙare, ko a kan katifar auduga take sai ta tafi. Aka sa wa sito kwaɗo, gida ya koma cin lambar mota da allon shago, miya ta tsinke.

Yau ga katan ya dawo.

Washegari Asabar, ba makaranta. Rana ta ɗaga Amarya ba ta taɓa tsintsiya ba. Mai Zane ya shigo daga shago ya tarar da kwaɗo yana nan yadda yake, Inna tana zaune a tabarma a inuwar bango, Amarya tana tsince shinkafa.

"Ban ce a share ɗakin nan ba?"

"Ka ce."

"To?"

"Ba za ta shiga ba, Baban yara."

Ya yi dariyar mamaki, ya dubi uwarsa. "Inna kin ji. Yarinya Allah ya ba ta baiwa, uwarta tana so ta binne. Awa biyu kawai a rana. Ga madara na saya tun ba a fara ba. Ni maƙiyin 'yata ne?"

"Auta ma ba maƙiyinta ba ne kai."

Inna ta ɗaga hannu. "Ke Amarya, kar ki tono mana abin da ya wuce. Wancan ƙaddara ce."

"Ƙaddara ce ta buga falanki a taga, Inna? Shi ya buga. Ke kika ce aikin zaune ba ya kisa. Ni na cusa buhu a ƙofa, ni na yi wa likita ƙarya yana tambaya da bakinsa. Mu uku muka taru a kanta, ba wanda ya ɗaga mata murya, kullum da sannu da Allah ya yi albarka, har muka gama da ita. Na gaji, wallahi na gaji da yin kamar ban sani ba."

Muryarta ko tashi ba ta yi ba.

Mai Zane ya share gumi. Ba ya son rigima, bai taɓa so ba, shi dai a yi abin da ya ce cikin lumana. Ya ɗaga murya ya kira 'Yar Baba, ta fito daga ɗaki sumui-sumui, da alama ta ji komai.

"Faɗa wa uwarki, kina son zane ko ba kya so?"

"Ina so, Baba." Ta saci kallon uwarta. "Umma, ina so sosai."

"Kin ji. Je ki ɗauko wanda kika fi ji da shi, kakarki ta gani da idonta."

Yarinyar ta shiga ta fito da farar takarda mai faɗi, ta durƙusa ta miƙa wa Inna. Da gawayi ta yi shi. Amarya ta matso ta leƙa, ta zauna a gefen tabarmar.

Auta ce. Goshinta ne, girarta ce mai ɗan tsagi, idanun nan kamar yanzu za ta ce Matarmu. Amma daga karan hanci zuwa haɓa, ɗankwali ne a ɗaure tam, an ƙulle shi ta ƙeya.

"Mene ne wannan kika rufe mata fuska?" in ji Inna.

"Haka take aiki, Inna. In ta ji tafiyar manya sai ta zare, wai kar Baba ya ce raki take yi. Ni kaɗai take bari in gani." Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Na yi ta gwada bakinta, ya ƙi fitowa. Na duba ko akwai hotonta a gidan nan in kwaikwaya, babu ko ɗaya."

Babu kuwa. Auta da ta zana fuskar rabin gari, ba wanda ya taɓa tunanin ɗaukar tata.

Mai Zane ya karkata kai yana duban takardar ta saman kafaɗar uwarsa. Idonsa ya kawo ruwa, Amarya ta gani, har ta fara sa rai. Ya ja hanci ya ce:

"Kun ga inuwar nan ta ƙasan ido? Wallahi hannun ya nuna. Sai dai masu saye ba sa son irin wannan, fuska a buɗe suke so, da ɗan murmushi. Za ta koya."

Amarya ta miƙe. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba, ƙarfin yin su ma babu. Ta shiga ɗaki ta zuba kayan yara a jaka, ta goya ƙaramin duk da ya wuce goyo, ta kama hannun na tsakiya, ta yafa mayafi.

"'Yar Baba, ɗauko littafinki da gawayinki. Za ki yi zane har ki gaji, amma a tsakar gida, inda kowa zai gan ki."

"Ina za ki?" in ji Mai Zane. "Gidan naku da ko wurin shimfiɗa babu? In kika fita da yaran nan, kar ki ce ban faɗa miki ba."

"Ka faɗa."

Ya tare bakin zaure, ya juya ga uwarsa. "Inna, ki yi mata magana mana!"

Inna ba ta ɗago ba. Takardar tana kan cinyarta.

"Matsa musu su wuce," ta ce.

Ya matsa. Amarya ta tura yaran gaba, a bakin zaure ta waiwaya sau ɗaya. Tsohuwar ta lashi babban yatsanta tana goga ɗankwalin da ke kan takardar, a hankali, tana ƙara gogawa, ko za ta ga bakin 'yarta a ƙarƙashi. Yatsan ya yi baƙi ƙirin, takardar ta fara hujewa, ba ta daina ba.